Lemon Ganyaye Mai Gas da Ake Tsimawa a Gida: Abin da Ke Faruwa a Cikin Kwalba

Duk lemon da aka buɗe ya taso da kumfa, iskar kabon dayoksaid ce narke a cikinsa, kuma hanya biyu ce iskar ke bi ta shiga. Ta farko ita ce ta masana'antu, inda ake tura iskar cikin ruwa mai sanyi da ƙarfin inji. Asalin wannan hanya yana komawa ga Joseph Priestley, wanda a 1767 a birnin Lids na Ingila ya gano cewa ruwa yana shan iskar da ke tashi daga manyan tukwanen tsimin giya, ya kuma wallafa bayanin yadda ake yin haka a 1772, kafin Jacob Schweppe ya mai da abin sana'a a Jeniba a 1783. Hanya ta biyu ta girmi wannan nesa ba kusa ba: a dafa ganyaye ko saiwoyi masu ƙamshi, a zuba sukari, a sa ƙananan halittu masu rai a ciki, a rufe kwalba, su ci sukarin su fitar da iskar da kansu. Wannan ta biyun ce mutane da dama suka koma yi a gidajensu, kuma ita ce ake yawan bayyanawa kamar wani girki mai sauƙi, alhali abin da ke cikin kwalbar aiki ne da ba ya tsayawa don mai shi ya ga ya isa. Wanda ya fahimci wannan batu ɗaya, ya fahimci kusan duk abin da ya shafi daɗin lemon, da haɗarinsa, da kuma yawan barasar da ke cikinsa.

Ma'aikatan cikin kwalbar iri biyu ne. Akwai yis, wanda ke zaune a kan ɓawon 'ya'yan itatuwa da furanni da saiwoyi, kuma shi ne ke samar da mafi yawan iskar. Akwai kuma bakteriya masu yin tsami, dangin Lactobacillus da Leuconostoc, waɗanda ke juya sukari ya zama sinadarin tsami irin na nonon da ya kwana. Louis Pasteur ne ya tabbatar tun daga 1857 cewa tsimuwa aikin halittu masu rai ne, ba lalacewar abinci ba ce kawai, sannan a 1892 masanin tsirrai Harry Marshall Ward ya binciki irin da Turawan Ingila ke haɗa lemon citta da shi, wato haɗin halittu masu rai da ake zubawa don tayar da tsimuwa, ya nuna cewa yis da bakteriya ne ke zaune tare a cikinsa, kowane yana amfana da ɗan'uwansa. Wannan zaman tare shi ne ke bambanta lemon da aka tsima da irin gida da wanda aka zuba wa yis ɗin burodi. Yis ɗin burodi yana da sauri, yana ba da iska mai yawa cikin ɗan lokaci, amma ɗanɗanonsa ɗaya ne kuma ƙamshin ƙullu yakan biyo shi. Irin gida yana tafiya a hankali, tsamin da bakteriya ke kawowa yana rage zaƙi, yana kuma kare ruwan daga miyagun ƙwayoyin cuta. Masu kula da lafiyar abinci suna amfani da lamba 4.6 a ma'aunin tsami na pH a matsayin iyaka, domin ƙasa da ita bakteriyar Clostridium botulinum, mai fitar da guba mai shanye jiki, ba ta iya yaɗuwa. Saboda haka matsa lemun tsami a cikin ruwan ganyayen tun farko yana da amfanin da ya wuce ɗanɗano, yana ba wa halittun da ake so damar yin gaba kafin waɗanda ba a so su samu wurin zama.

Mafi shaharar iri shi ne na citta. Ana gurza ɗanyar citta da ɓawonta kimanin cokali ɗaya babba, a zuba a kwalba mai faɗin baki tare da cokali ɗaya na sukari da kusan rabin lita na ruwa, a rufe da ƙyalle mai tsabta don iska ta riƙa shiga ba tare da ƙuda ba. Kullum ana ƙara citta da sukari daidai wancan gwargwado, ana motsawa, har sai an ga ƙananan kumfa suna tasowa kuma ƙamshi mai ɗan tsami ya bayyana, wanda yawanci yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7 gwargwadon ɗumin wurin. Idan mako ya wuce ruwan na kwance shiru, ana fara duba abubuwa biyu. Ɗaya ruwan ne, domin sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo an sa shi ne musamman don ya kashe irin waɗannan halittu. Tafasa ruwan a bar shi ya huce yana kawar da kulorin, sai dai ɗan'uwansa kuloramin, wanda wasu hukumomin ruwa ke amfani da shi, ba ya tashi da sauƙi, shi kam yana bukatar matatar gawayi. Ɗaya kuma cittar ce da kanta, domin wadda aka haska da na'ura don ta daɗe ba ta lalace ba ta riga ta rasa halittun da ke jikinta. Ana iya amfani da wasu irin, kamar ruwan da ya tsatso daga yogot mai rai ko ƙwayoyin kefir na ruwa, wasu ƙwayoyi masu ɗauke da yis da bakteriya, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Shi kuwa lemon kansa, ana dafa ganyayen ne kamar shayi mai kauri, a narkar da sukari giram 60 zuwa 100 a kowace lita, a tace, sannan a jira ya huce sosai. Wannan jiran ba abin wasa ba ne, domin yis yana mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Selsiyas, kuma mutane da yawa sun kashe irin da suka yi mako suna reno saboda gaggawar minti goma. Idan ya huce, sai a zuba kimanin mililita 60 na ruwan irin da aka tace a kowace lita, a ɗura a kwalabe, a bar ɗan sarari a sama, a rufe.

Daga nan ne lissafi ke shigowa, kuma a ganina shi ne sashen da ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin shi ne aka fi tsallakewa. Idan yis ya ci sukari, yakan raba shi gida biyu kusan daidai: giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 88 na kabon dayoksaid da giram 92 na barasa. A rufaffiyar kwalba, babu wata dabara da za ta sa yis ya fitar da ɗaya ya bar ɗaya. Giram 4 na sukari a cikin lita ɗaya yana samar da iskar da za ta cika kusan lita ɗaya idan aka sake ta, lemon kamfani kuwa yana riƙe da iska ninki 3 zuwa 4 na girman ruwansa. Ke nan don lemon gida ya yi gas irin wanda baki ya saba da shi, sukari giram 12 zuwa 16 kawai ake bukata ya tsimu a kowace lita. To amma an zuba giram 60 zuwa 100. Sauran yana nan don zaƙi, sai dai yis bai san an ware wani kaso don zaƙi ba, zai ci gaba da ci muddin akwai ɗumi. Masu haɗa abin sha mai kumfa a masana'antu sun san cewa giram 24 na sukari a lita, idan ya tsimu gaba ɗaya a rufaffiyar kwalba, yana haifar da matsin da ya kai kusan ninki 6 na matsin iskar sarari, wato fiye da ninki biyu na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, kuma kwalabensu masu kauri ne da aka ƙera musamman don wannan. Idan haka giram 24 yake, ba sai an faɗi abin da giram 80 zai yi wa kwalbar gilashi ta yau da kullum da aka manta a kan kanta ba. Takan fashe, kuma tarwatsewar gilashi tana iya taɓa ido ko ta yanke jijiya.

Matakan kariya daga wannan ba su da wuya. Kwalbar da za a yi amfani da ita ta zama wadda aka yi don abin sha mai gas, mai zagaye, ba mai kusurwa huɗu ta ado ba, kuma babu tsaga ko ƙwarzane a jikinta. Mai farawa ya fi dacewa ya yi amfani da gorar roba ta lemon kamfani da aka wanke tas, ko kuma aƙalla ya ɗura gora ɗaya ta roba tare da sauran na gilashi a lokaci guda, ta zama ma'auninsa: idan ya matsa ta da hannu ya ji ta yi tauri ba ta lotsawa, dukkan kwalaben sun isa shiga firji. A wuri mai matsakaicin ɗumi, wajen digiri 20 zuwa 25, wannan yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3, amma idan zafi ya haura digiri 30 ana iya kaiwa can cikin yini guda ko ƙasa da haka, shi ya sa bin adadin kwanakin da wani ya rubuta ba tare da duba kwalba ba kuskure ne. Sanyin firji, wanda yake wajen digiri 4, yana rage saurin yis ƙwarai, amma ba ya kashe shi, don haka kwalbar da ta yi makonni a firji tana ci gaba da tara matsi a hankali, idan kuma wuta ta ɗauke ta yi ɗumi, aikin ya dawo sabo. Sanyin yana da wani amfani: tun 1803 William Henry ya bayyana cewa yawan iskar da ke narkewa a ruwa yana bin yawan matsin da ke kansa, kuma sananne ne cewa ruwa mai sanyi ya fi mai ɗumi riƙe iska. Wannan ne dalilin da kwalbar da aka buɗe da ɗuminta take amayar da rabin abin da ke cikinta, wadda ta kwana a firji kuwa takan buɗe lafiya. Ko da haka, a buɗe a hankali, a kawar da bakin kwalbar daga fuska.

Ɗaya rabin lissafin shi ne barasa, kuma nan ne ya kamata a faɗi gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Kusan giram 17 na sukari da ya tsimu a lita ɗaya yana ba da barasa kashi 1 cikin 100. Idan aka haɗa wannan da abin da ya gabata, za a ga cewa lemon da yis ya cika shi da gas sosai yana iya ɗauke da barasa tsakanin kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100, ko da an sa shi a firji a kan kari. Gaskiya ne bakteriya masu yin tsami suna cinye wani kaso na sukarin, wasunsu ma suna fitar da iska, wanda hakan kan rage adadin, amma ba ya mai da shi babu. Akwai kuma hanyoyi biyu da adadin ke ƙaruwa ba tare da mai yi ya lura ba. Wasu suna barin ruwan a buɗaɗɗen mazubi na wasu kwanaki kafin su ɗura, don ya yi tsami. A wannan lokacin iskar tana tashi ta tafi, barasar kuwa tana zaune a ciki. Wasu kuma suna sassauta murfi kullum don rage matsi, wanda yana kare kwalbar daga fashewa, amma duk iskar da aka saki shaida ce ta wani sukari da ya riga ya bar barasarsa a baya. Saboda haka ƙarfin gas ba ya nuna yawan barasa sai dai idan kwalbar a rufe take tun daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi nuna ta shi ne raguwar zaƙi: lemon da aka zuba wa giram 80 ya koma ba zaƙi ko kaɗan ya tashi daga lemo, ya zama abin sha mai barasa kashi 4 cikin 100 ko fiye.

Wannan ba matsalar masu yi a gida kaɗai ba ce. A Amurka, abin sha da barasarsa ta kai kashi 0.5 cikin 100 yana shiga ƙarƙashin dokokin kayan barasa, kuma a 2010 an kwashe kwalaben kombuca, wani shayi da ake tsimawa, daga shaguna da dama a ƙasar bayan an gano cewa yana ci gaba da tsimuwa a cikin kwalba har ya wuce wannan iyaka. Idan kamfanoni masu ɗakunan gwaji sun faɗa wannan rami, mai yi a ɗakin girki ba shi da hujjar cewa nasa ba shi da komai. Akwai ma'aunin kaurin ruwa da ake kira haidiromita, wanda idan aka auna da shi kafin tsimuwa da bayanta yakan nuna kusan yawan sukarin da ya tafi, kuma duk mai yin wannan lemo a kai a kai ya dace ya mallake shi. Ga mai juna biyu, da ƙananan yara, da mai ciwon hanta, da wanda ya daina shan barasa yake tsoron komawa, da wanda addininsa ya hana shi ita, wannan bayani haƙƙinsu ne kafin a miƙa musu kofi. Hukuncin addini kan ɗan ƙaramin adadi irin wannan na malaman kowane addini ne, amma ba za su iya yanke shi daidai ba idan aka gaya musu cewa babu barasa a ciki alhali akwai. Wanda yake son ƙamshin ganyayen da gas ɗin ba tare da wannan shakku ba yana da mafita mai sauƙi: ya dafa ganyayen da sukari su yi kauri, ya ajiye a firji, ya riƙa sirkawa da ruwan gas na inji a lokacin sha.

Batun ganyayen da kansu ya kasu biyu, na ɗanɗano da na lafiya. Ganyaye masu taushi irin su na'ana'a ba sa son tafasa, ana zuba musu ruwan zafi ne a rufe na ɗan lokaci don kada man ƙamshinsu ya bi tururi, saiwoyi da ɓawo kuwa, kamar citta da kurkum da kirfa, sai an dafa su kafin su saki abin da ke cikinsu. Tsimuwa tana rage zaƙi, ɗaci kuwa ba ta taɓa shi, don haka ɗacin da sukari ya ɓoye a ranar farko yakan fito fili a rana ta uku. Kanumfari da kirfa suna da mai da ke danne ƙananan halittu, idan suka yi yawa sai a ga kwalba ta ƙi tashi, a ɗora wa irin laifin da ba nasa ba.

Na lafiya shi ne mafi nauyi, domin akwai zaton da ya yaɗu cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Saiwar sasafaras, wadda aka daɗe ana haɗa lemon saiwoyi da ita a Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta hana sa man saiwar a abinci a 1960, bayan gwaji ya nuna sinadarin safrol da ke ciki yana jawo kansar hanta ga ɓeraye. Ganyen komfiri yana ɗauke da sinadarai masu lalata hanta. Saiwar likoris, idan aka yawaita ta, tana ɗaga hawan jini tana rage sinadarin fotasiyom a jiki. Bishiyar elda, wadda ake yin lemo mai daɗi da furenta a Turai, ganyenta da rassanta da ɗanyun 'ya'yanta suna da guba. Tsimuwa ba ta zama tabbacin kawar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce kada a sa wani tsiro a kwalba sai wanda aka tabbatar da ko wane ne kuma aka san ana ci ko ana shan sa, a gwargwadon da ake shan sa a shayi, wanda yake kan maganin asibiti kuma ya tambayi likitansa, domin wasu ganyaye suna rage ƙarfin magani ko su ƙara shi. Idan da zuma aka yi zaƙin, kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Mazubi ma yana da nasa. Ruwa mai tsami yana cin tagulla da alminiyom, yana kuma iya fitar da dalma daga fentin wasu kwanukan tangaran, saboda haka gilashi da baƙin ƙarfe mara tsatsa da robar da aka yi don abinci su ne abin dogaro. Idan aka ga fumfuna mai gashi-gashi, kore ko baƙi ko ruwan hoda, a kan iri ko lemo, a zubar da shi duka, kwashe na sama ba ya wadatarwa a cikin abu mai ruwa. Farar yana siririya mara gashi da kan kwanta a saman iri yawanci wani nau'in yis ne da ba ya cutarwa, ko da yake yana ɓata ɗanɗano. Idan kuma ƙamshin ya koma na ruwan kal, alama ce cewa iska ta yi yawa, bakteriyar Acetobacter ta samu dama tana juya barasar zuwa kal.

Saura da'awar da ake yawan yi cewa wannan lemo magani ne ga hanji. A 2001 wani taron ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana halittu masu amfani ga jiki da cewa su ne masu rai waɗanda, idan aka sha su da yawan da ya isa, suke kawo amfanin lafiya. Sharaɗin yawan da ya isa da na amfanin da aka tabbatar su ne ke da wuyar cikawa a gida, domin mai kwalbar bai san wane nau'i ne ya yi rinjaye a irinsa ba, kuma na wannan makon yana iya bambanta da na makon jiya. Lemon yana da halittu masu rai, wannan gaskiya ne, amma kiransa maganin wata cuta wuce gona da iri ne. Haka nan ba lallai ne ya zama mai ƙarancin sukari ba, tunda an ga cewa kaso kaɗan ne ke tsimuwa kafin a tsayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, wanda ga babban mutum yake kusan giram 50, kuma rabin lita na lemon da aka fara da giram 80 a lita yana iya ɗauke da fiye da giram 30. Mai ciwon sukari ya lissafa shi kamar kowane lemo mai zaƙi.

Akwai hanyar da ke rage matsalolin uku, na fashewa da na barasa da na sukari, a lokaci guda, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da mai farawa. A zuba sukari kaɗan tun farko, kamar giram 10 zuwa 12 a lita, wanda ko yis ya cinye shi kaf ba zai wuce ƙarfin kwalba mai kyau ba, barasarsa kuma ba za ta kai kashi 1 cikin 100 ba, a ɗura nan take ba tare da barinsa a buɗe ba, sannan a ƙara zaƙi a cikin kofi lokacin sha, ko a yi amfani da ganyen sitibiya, wanda yis ba ya iya cin zaƙinsa. A tuna cewa ruwan irin ma yana zuwa da nasa ɗan sukari, haka ruwan 'ya'yan itace idan an sa, duk sai a lissafa su cikin jimlar.